Lissafin Wata da Lissafin Taurari a Ƙasar Hausa

Shekarar Hijira, wadda aka tsara a zamanin Halifa Umar, aka kuma ɗora farkonta a kan ƙaurar Manzon Allah (SAW) zuwa Madina a 622, tana tafiya ne da ganin jinjirin wata, kuma kwanakinta 354 ne ko 355. Hausawa sun raɗa wa yawancin watanninta sunaye daga abin da ake yi a cikinsu, shi ya sa ake kiran Muharram watan Cika-ciki saboda ƙoshin da ake yi lokacin Ashura, Rajab kuma watan Azumin Tsofaffi. A Rabi'ul Awwal ake Maulidi ranar 12, sannan Kanawa su hau Dutsen Dala ranar Takutaha, mako guda bayansa, Daurawa kuma su yi Sallar Gani.

Sai dai wannan shekara ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka azumin da ya faɗo a tsakiyar damina zai riƙa ja da baya zuwa bazara, daga nan zuwa hunturu, har ya kewayo inda ya taso bayan kusan shekara 33. Manomin da ya ɗaura shukarsa a kan sunan wata, ke nan, zai yi asarar iri.

Don haka malamai suka riƙe wani lissafi na dabam da suka gada daga littattafan Larabawa, wato na taurari, inda ake raba shekarar rana gida 28, kowane tauraro da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Kowane yanayi, wato bazara da damina da kaka da hunturu, yana da taurari bakwai, kuma na damina, irin su Zira'a da Nasara da Ɗarfa, su ne aka fi sa wa ido, domin da su dattijon manomi yake auna ko lokacin shuka gero ya ƙure, ko da sauran damar binne wake. Abin lura shi ne shari'a kanta ta san wannan bambanci, domin zakkar kuɗi tana jiran cikar shekarar wata, amma ta hatsi ana fitar da ita ne da girbi, ko a wane wata ya faɗo.