Yaƙi da talauci: tsakanin gaskiya da jita-jita a Kwaciri

Duk lokacin da rediyo ya sanar da sabon shirin rage talauci, amsar da ake ji a majalisun Kwaciri da rumfunan kasuwar Sabon Gari da ke Fagge a Kano ba ta wuce "Wa ya gani a ƙasa?" Tambaya ce mai kyau. Sai dai maganganun da ke biyo bayanta sun cakuɗa, akwai tsaba akwai tsakuwa. Ga guda huɗu da aka fi maimaitawa.

"Talauci ƙaruwa yake yi, babu inda ya ragu"

A Najeriya, mai wannan magana yana da hujja. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, na cikin talaucin da ya haɗa da rashin abinci, ilimi, lafiya da ruwa mai tsabta. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Mai auno a kasuwar Singa ba ya buƙatar a faɗa masa.

Amma "babu inda ya ragu" ƙarya ce. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa a 1990 fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya na cikin matsanancin talauci, zuwa 2015 kuma ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Chaina kaɗai ta fitar da kusan mutum miliyan 800, galibi ta hanyar gyaran noma da masana'antu. Ke nan ciwon yana da magani, mu ne dai ba mu samu ba.

"Kuɗin tallafi duk sacewa ake yi"

Ana sata, wannan ba ƙage ba ne. A Oktoban 2020 jama'a sun fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona a jibge. A Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan zargin umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wata ma'aikaciya. Kowa kuma ya san yadda ake cusa 'yan jam'iyya da 'yan uwa a jerin sunaye.

Inda maganar ta zarce shi ne "duk". An biya gidaje da dama naira 5,000 a wata a zamanin Buhari, har da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Matsalar ita ce kuɗin kaɗan ne, biyan na yankewa, waɗanda suka cancanta kuma sun ninka waɗanda aka rubuta. A kiyaye kuma: shiga rajistar masu ƙaramin ƙarfi kyauta ne. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp yana neman kuɗin fom ko lambar sirrin katin banki, ɗan damfara ne.

"Taimakon Turawa akwai lauje cikin naɗi"

Mutanen Fagge ba daga sama suka ɗauko wannan zargi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, cikin gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka yarda da jita-jitar cewa rigakafin shan-inna na hana haihuwa, har Kano ta dakatar da shi daga 2003 zuwa Yulin 2004. Cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da aka ɗiga wa rigakafin a wancan lokaci yau su ne iyaye, suna ta suna. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Haka kurkunu: a ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Najeriya, ciwon da ke kwantar da manomi daidai lokacin aikin gona. Da aikin Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon da ma'aikatan ƙauyuka masu raba ƙyallen tace ruwa, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu ita a ƙasar. Wannan ma yaƙi da talauci ne.

"In ka ba talaka kuɗi, ka koya masa lalaci"

Wannan ita ce mafi rauni. Abhijit Banerjee, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa sun duba shirye-shiryen raba kuɗi bakwai a ƙasashe shida, ba su ga alamar mutane na barin aiki ba. Mai tura kurar ruwa ba zai ajiye ta saboda tallafin naira 25,000 ba. Matar da ke suyar awara a ƙofar gida, in ta samu, waken suya za ta ƙaro, ko ta biya kuɗin makaranta. Musulmin da ya yarda da zakka ya riga ya yarda cewa miƙa wa mabuƙaci dukiya a hannu hanya ce.

Gaskiya ce dai tallafi kaɗai ba ya fitar da al'umma daga talauci. Abin da zai yi hakan a Kano shi ne wutar lantarki da za ta tayar da masana'antun Bompai da Sharaɗa, da makarantar da yaro zai fito ya iya karatu.

Saboda haka shakka na da amfani in ta zama tambaya: nawa aka ware wa Fagge, sunayen wa ke jerin, wa ya tantance su? Kansila da mai unguwa da ɗan majalisa duk suna da ƙofa. Wanda ya ce "duk ƙarya ce" ya koma gefe, ya sauƙaƙa wa ɓarawo aiki, don babu mai bin sawun kuɗin da aka riga aka fidda rai da su.