Daren Farko Bayan An Cire Wa Yaro Haƙori

A Mubi, uwa kan fito daga sashen haƙori na asibiti, yaronta na cije da auduga, ba kuka ba ƙorafi, sai ta ɗauka an gama. Allurar da ta kashe dasashi ce ke aiki, kuma ba ta wuce 'yan sa'o'i. Tana saki ciwo zai taso, galibi da dare, lokacin da ba likita a kusa sai mai kemis na bakin layi. Shi ya sa likitoci kan ce a fara ba da magani tun allurar ba ta saki ba.

Da nauyin yaro ake auna maganin, ba da shekarunsa ba. Farasitamol miligiram 15 ne kan kowane kilo, duk bayan awa 6. Yaro mai kilo 16 ke nan miligiram 240, wato mililita 10 na ruwan maganin da ke da miligiram 120 a kowane mililita 5. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, a nemi sirinji ko murfin awo. A kuma duba maganin mura, don da yawansu akwai farasitamol a ciki, in an haɗa hanta ce ke ɗaukar wahala. Ibuprofen na rage kumburi, amma bayan abinci, kuma da izinin likita.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne magani "mai ƙarfi" da iyaye ke roƙa a kemis. A 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol, saboda suna iya danne numfashi. Asfirin kuwa na ƙara zubar jini. Kada mu manta da My Pikin, maganin fitowar haƙori da ya kashe yara 84 a Najeriya daga ƙarshen 2008. Duk kwalbar da ba lambar NAFDAC, a bar ta.

Leɓen da ya mutu da allura yaro kan tauna shi bai sani ba, washegari ya kumbura, don haka a sa ido. A ba shi kunu ko koko da ya huce, kada ya kurkure baki sai bayan awa 24, sannan da ruwan ɗumi da gishiri. In jini ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga, ko zazzaɓi ya zo, ko kumburi ya doshi ido ko wuya, a koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.