Minti Biyar Tsakanin Waraka da Tabo

Idan farfaɗiya ta kama mutum, yawanci takan lafa da kanta cikin minti ɗaya ko biyu. Amma akwai wadda ba ta lafawa, ko kuma ta riƙa komowa tun mara lafiya bai dawo cikin hayyacinsa ba. A shekarar 2015 Ƙungiyar Yaƙi da Farfaɗiya ta Duniya ta shata iyakoki biyu game da wannan. Jijjigar da ta kai minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, don haka wajibi ne a ba da magani. Wadda ta kai minti 30 kuwa, ana fargabar ta soma yi wa ƙwaƙwalwa lahani mai ɗorewa.

Na'urar ɗaukar hoto ta MRI ta nuna wa likitoci dalilin wannan fargaba. Yayin doguwar jijjiga, ƙwayoyin jijiya kan yi ta aiki babu ƙaƙƙautawa har ƙarfinsu ya ƙare, ruwa ya taru a cikinsu su kumbura. Kumburin kan bayyana a hoto a ɓawon ƙwaƙwalwa, da cibiyarta da ake kira talamus, da kuma hifokamfus, wato sashen da ke adana sabon abin da mutum ya koya.

Abin farin ciki shi ne, da yawa daga cikin waɗannan alamomi sukan gushe cikin kwanaki ko makonni. Sai dai wasu kan bar tabo. Wani bincike mai suna FEBSTAT da aka gudanar a Amurka ya bibiyi yara kusan 200 da zazzaɓi ya jefa cikin doguwar jijjiga. Kimanin ɗaya cikin goma aka ga sauyi a hifokamfus ɗinsu tun a kwanakin farko, kuma daga baya sashen ya tsuke a jikin da dama daga cikinsu. Irin wannan tabo kan haddasa mantuwa, kuma yakan zama tushen farfaɗiyar da ke ƙin jin magani.

Ba tsawon lokaci kaɗai ke yanke makomar mara lafiya ba. Shekarunsa da musabbabin ciwon suna da tasiri ƙwarai. A ƙasashenmu, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna cikin manyan musabbabai. A birnin Bilantaya na Malawi, hotunan MRI da aka wallafa sakamakonsu a 2015 sun nuna mummunan kumburin ƙwaƙwalwa a akasarin yaran da wannan zazzaɓi ya kashe.

Magunguna irin su diyazefam da midazolam sun fi aiki a farkon jijjiga, domin ƙarfinsu yana raguwa gwargwadon daɗewarta. A nan ne gidajenmu ke yin asara. Lokacin da ake ɓatawa wajen turara hayaƙi, ko cusa cokali a baki, ko ɗura ruwa, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke galabaita. Abin yi shi ne a kwantar da mara lafiya a gefensa, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a duba agogo. Da zarar an kai minti 5, a garzaya asibiti. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a hanya.

Na'urar MRI tana da tsada, sai a manyan asibitoci ake samun ta. Darasin da ta koyar kuwa mai araha ne. Hakkin gwamnatocin jihohi ne su tabbatar kowane ƙaramin asibiti yana da maganin tsayar da jijjiga, da ma'aikacin da ya iya ba da shi, dare da rana.