YARON DA BA YA ZAMA WURI ƊAYA: KO MATSA ƘASHIN BAYA ZAI NATSAR DA SHI?

Kowane malamin makaranta ya san irin yaron nan. Ka ce a buɗe shafi na goma, shi yana ƙarƙashin benci yana neman fensirinsa. Ka yi tambaya, kafin ka rufe baki ya amsa, amsar kuwa ba ta tambayar ba ce. A gida an aike shi sayen gishiri, sai bayan sa'a guda ya komo hannu wofi, kuɗin ma bai san inda ya yar ba. An yi faɗa, an yi bulala, an hana shi abinci, gari na wayewa a koma gidan jiya.

Kwanan baya uwar wani irin yaron nan ta tsaya bayan an tashi makaranta, ta miƙo mini wayarta. A cikin hoton, wani Bature ya kwantar da yaro a kan gado mai tsawo, ya danna bayansa, ya murɗa wuyansa har aka ji ƙas! Sa'an nan uwar yaron ta fito tana murna, wai ɗanta ya natsu. Sai matar ta ce mini, "Malam, ka duba mini wannan. In akwai mai yin sa a Abuja ko Legas, ko awakina ne zan sayar in kai shi." Na yi mata alkawari zan bincika. Abin da na samu shi ne na ga ya kamata in kawo wa sauran iyaye, gama na tabbata ba ita kaɗai ta ga irin hoton nan ba.

Wace irin damuwa ce wannan?

Likitoci suna kiranta da haruffa huɗu, ADHD, watau ciwon rashin natsuwa da yawan ƙiriniya. Ba sabon abu ba ne. A shekara ta 1902 wani likitan yara a birnin Landan, George Still, ya ba da labarin waɗansu yara waɗanda hankalinsu lafiya lau, amma ba su iya tsai da shi a kan abu ɗaya, ba su kuwa iya kame kansu. Sunan da a ke amfani da shi yanzu likitocin Amurka ne suka sa a 1987. Sa'ad da aka tattara binciken ƙasashe masu yawa a 2007, an iske wajen yara 5 cikin kowane 100 suna da shi. Ashe aji mai yara 40 ba zai rasa guda biyu ba.

Abin yana da fuska biyu. Ta fari ita ce rashin tsai da hankali: mantuwa, yar da kaya, fara aiki a bar shi rabi. Ta biyu ita ce motsi da gaggawa: mutsu-mutsu, katse magana, kasa jiran layi. An fi gane shi ga yara maza. 'Yan mata sau da dama ba su ta da ƙura, sai dai a ga yarinya shiru tana kallon taga, a ce da ita sakarya.

Ba kowane mai ƙiriniya ne ke da wannan ciwo ba. Kafin likita ya faɗi haka, sai alamun sun kai wata shida, sun soma tun yaron bai cika shekara 12 ba, ana kuwa ganinsu a wuri biyu ko fiye, misali gida da makaranta, har suna ɓata masa karatu da zama da mutane.

Tushen abin yana cikin ƙwaƙwalwa, a sashen da ke taimakon mutum ya dakata ya yi tunani kafin ya aikata. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ne ya fi yawa a ciki, wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Haihuwar bakwaini da gubar dalma su ma suna ƙara hatsarin. Ya kamata iyaye su riƙe wannan da kyau: ba lalacin yaro ba ne, ba kuwa shaidar cewa uwa ta kasa tarbiyya ba ce.

Daga ina aikin matsa ƙashin baya ya fito?

Sunan aikin kairofaraktik. An samo shi daga kalmomin Helenanci guda biyu masu ma'anar abin da aka yi da hannu, wani fasto mai suna Samuel Weed ne kuwa ya taimaka wajen raɗa sunan. Wanda ya ƙago aikin shi ne Daniel David Palmer, haifaffen Kanada, mazaunin garin Dabinfot a Jihar Ayowa ta Amurka. Palmer bai yi makarantar likita ba. Ya yi koyarwa, ya yi tireda, ya kuma yi sana'ar warkarwa da abin da a ke kira maganaɗisun jiki. A watan Satumba na 1895 ya ce ya danna wani ƙashi a bayan mai sharar ginin da ofishinsa ya ke, mutumin da kunnensa ya daɗe da toshewa, sai ji ya komo. A 1897 ya buɗe makaranta domin koyar da wannan hanya.

Koyarwar Palmer ita ce, ƙasusuwan gadon baya su kan goce kaɗan daga wurinsu su danne jijiyoyi, wannan kuwa shi ne sanadin kashi 95 cikin 100 na dukan cututtuka. In an mai da ƙashin, jiki zai warkar da kansa. Daga nan ne maganar yara marasa natsuwa ta fito. Masu bin tsohuwar koyarwar suna cewa gocewar ƙashin wuya ce ke hana saƙo tafiya daidai tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki.

Maganar tana da daɗin ji, amma bari mu auna ta. Jijiyar ji tana tashi daga kunne ta shiga ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, ba ta biyo ta gadon baya ko kaɗan. Haka kuma sashen ƙwaƙwalwa mai kula da natsuwa yana can bayan goshi, nesa da inda hannu ke dannawa. Ƙarar nan ta ƙas da a ke ji kuwa ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba. Iska ce cikin ruwan gaɓa, daidai da ƙarar da yatsa ke yi in an ja shi. A 2010 hukumar da ke lura da masu wannan aiki a Ingila ta sanar da cewa babu binciken da ya goyi bayan cewa irin gocewar nan ita ce ke kawo cuta.

Kada mu yi musu rashin adalci. A Amurka da Ingila da Ostareliya masu aikin nan suna yin karatu na shekaru, suna da lasisi, ga babban mutum mai ciwon ƙugu kuwa aikinsu ya kan kawo sauƙi gwargwado, kamar yadda motsa jiki da tausa su ke kawowa. Da yawa a cikinsu sun tsaya a kan ciwon baya da gaɓoɓi kaɗai. Mu ma a nan mun san mai ɗori da aikinsa, amma ba wanda zai kai masa yaro domin ya koya masa haddace lissafi.

Me bincike ya nuna?

A 2010 waɗansu masana uku a Ostareliya, waɗanda su kansu na cikin wannan sana'a ne, suka tattara duk abin da aka rubuta a kan matsa ƙashin bayan yara masu ADHD. Sun sami rubuce-rubuce 58. A cikinsu uku kaɗai ne gwaji a kan irin yaran nan, ukun kuwa ba wanda ya cika sharuɗɗan gwaji nagari. Sai suka ce babu isasshiyar shaida cewa aikin yana da amfani ga wannan ciwo.

A 2019 wani hoton bidiyo ya ta da hankalin mutane a Ostareliya, inda aka ga ana matsa bayan jariri ɗan mako biyu a birnin Melbon. Gwamnatin Jihar Biktoriya ta sa aka yi bincike. Shawarar da ta fito ita ce kada kowa ya matsa ƙashin bayan yaron da bai kai shekara 12 ba da sunan maganin ƙiriniya, ko fuka, ko fitsarin kwance, ko ciwon kunne, domin ba a ga shaidar amfaninsa ba. A shekarar nan hukumar masu aikin ta ƙasar ta hana a yi wa yaran da ba su kai shekara biyu ba. Ta ɗage hanin a ƙarshen 2023, ta sake mai da shi a watan Yuni na 2024.

To, me ya sa uwar cikin hoton ta ke murna? Ba lalle ƙarya ta ke yi ba. Wannan ciwo yana hawa yana sauka, iyaye kuwa sun fi neman taimako a lokacin da abin ya yi tsanani, sauƙin da zai zo da kansa sai a ba mai magani ladansa. Ban da haka, wanda ya kashe kuɗi da sa zuciya idonsa ya kan ga abin da ya ke fata. Yaron da aka kai shi wuri sau biyu a mako, ana yi masa magana da taushi, an kuma daina dukansa, ai dole a ga canji. Iyayen da ba su ga amfani ba kuwa, ba wanda ya ɗauki hotonsu.

Akwai hatsari?

Mugun rauni ba ya faruwa da yawa, amma ya kan faru. A 2007 wata mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga binciken da ya sami yara 14 da suka ji rauni ta wurin matsa ƙashin baya, 9 a cikinsu mai tsanani, har da zub da jini cikin kai da shanyewar ƙafafu. Waɗansu 20 kuma cutarsu ta ainihi ce aka makara ganewa, domin an tsaya ana matsa baya. Wannan na biyu shi ya fi ba ni tsoro. Yaron da a ke cewa ba ya sauraro, wataƙila kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya ganin allo, ko yunwa ce, ko rashin barci, ko irin farfaɗiyar nan da ke ɗauke hankali na 'yan daƙiƙu ba tare da faɗuwa ba. Ina roƙon iyaye kuma, kada wani ya kalli hoto a waya ya ce zai gwada murɗa wuyan ɗansa a gida.

Abin da ke taimako

Da fari a kai yaron asibiti a duba ido da kunne da lafiyar jikinsa duka. In an ga bukata, za a tura ku wurin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. Ku roƙi malaminsa ya rubuta abin da ya ke gani a aji ku tafi da takardar.

Na biyu, horon iyaye. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawararta ta 2019, ta ce ga yara 'yan shekara 4 da 5 wannan shi ne abin farawa kafin magani. Ga kaɗan daga ciki. Ka kira sunansa, ka dube shi ido da ido, ka ba shi umarni ɗaya tak, ka sa ya maimaita. Lokacin tashi da ci da barci ya zama ɗaya kullum. Aikin gida a yanka shi guntu-guntu, minti goma sa'an nan hutu. In ya yi daidai a yabe shi nan take, a faɗi abin da ya yi. In ya yi laifi, horon ya zama gajere, a kan lokaci, ba cikin fushi ba. Bulala ba ta ƙara masa ikon tsai da hankali, sai dai ta koya masa tsoro da ƙarya.

Na uku, makaranta. Ni na kan zaunar da irin yaron nan a gaba kusa da teburina, nesa da taga. Shi ne mai share allo, shi ne mai raba littattafai, domin ƙafafun nan su sami aikin yi. Haka ya kamata malaman makarantar Lahadi su yi.

Na huɗu, magani. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura waɗansu magunguna suna natsar da irin yaran nan. Wanda aka fi sani yau shi ne metilfenidet, mai sunan kasuwa Ritalin. A wani babban gwaji da aka buga a 1999, an bi yara 579 har wata 14, aka ga waɗanda likita ya kula da maganinsu sosai sun fi samun sauƙin alamun. Maganin ba ya kawar da ciwon, yana taimako ne muddin ana sha, ya kan kuma rage cin abinci ya hana barci. Saboda haka likita ne kaɗai zai rubuta shi ya riƙa auna yaron. Ba abin saye a kemis ba ne bisa ga shawarar maƙwabta.

Na koma wurin matar nan na gaya mata ta bar awakinta. Ta kai yaron asibiti, ni kuwa na matso da shi gaba. Har yanzu ya kan manta jakarsa, amma makon jiya ya gama lissafi biyar a jere, na kuwa yabe shi a gaban aji duka.

Ya ku iyaye, irin yaron nan yana shan tsawa daga safe har dare, har ya kan soma gaskata cewa shi mugu ne. Ku yi addu'a dominsa, ku nemi taimakon da aka gwada aka ga amfaninsa, yau da dare kuma kafin ya kwanta ku gaya masa abu ɗaya mai kyau da kuka ga ya yi.