Kyautar da ake kafawa don kada a manta da mutum

'Yan uwana ɗalibai, kun taɓa lura da wani ɗan tambari a bangon littafi, wanda ke nuna ya ci gasa? Sau da yawa sunan da ke jikin tambarin na mamaci ne.

Ku ɗauki Astrid Lindgren ta ƙasar Suwidin. A 1941 'yarta Karin na kwance da ciwon huhu, ta matsa wa uwar sai ta ba ta labari. Daga wannan jinya aka samu Pippi, yarinyar nan mai ƙarfin ɗaga doki, wadda littafinta ya fito a 1945. Bayan haka Astrid ta yi shekara fiye da ashirin tana tace littattafan yara a kamfanin ɗab'i na Rabén & Sjögren. Ta rasu a Janairun 2002 tana da shekara 94, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da gwamnatin ƙasar ta kafa kyauta da sunanta: kurona miliyan 5 duk shekara, daga baitulmali. Abin da ya fi burge ni shi ne ba marubuta kaɗai ke ci ba, har masu zane da masu kwaɗaita wa yara karatu. A 2015 ƙungiyar PRAESA ta Afirka ta Kudu ce ta ɗauka, ita da ke fafutukar yara su yi karatu da harshen gidansu.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan. A 2007 Hajiya Bilkisu Bashir ta kafa gasar rubutun Hausa don tunawa da mijinta, Injiniya Mohammed Bashir Karaye. Ibrahim Sheme ne ya zo na ɗaya da 'Yartsana. Sai dai wannan littafin manya ne, ba wanda za ka miƙa wa ƙaninka ɗan aji huɗu ba.

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ina firamare a Gwandu, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ke kwance, littafin labari ɗaya muke karɓa-karɓa: Magana Jari Ce, ba bango, shafukan ƙarshe sun yage. Kwanan baya na tambayi wasu yara a Kalgo me suke karantawa in an tashi makaranta. Biyu suka ambaci wannan littafi dai na 1937. Sauran suka nuna mini wayar yayansu.