Ba Kowane Ciwon Hanta Ke Nunawa A Ido Ba

A ƙasar Daura, daga Mai'adua har Baure, da zarar idon mutum ya yi ruwan ɗorawa sai a ce shawara ce, a jiƙa masa saiwoyi. Sau da yawa kuwa ciwon hanta ne, wanda ƙwayoyin cuta iri biyar ke haddasawa. Nau'in A da E daga gurɓataccen ruwa da abinci ake kwasarsu. B, C da D kuwa jini suke bi: askar wanzamin da ba a tafasa ba, rezar yankan farce, allurar da aka maimaita. B na kuma bin jima'i, da haihuwa daga uwa zuwa jariri.

Ga mai cikakkiyar garkuwar jiki, ciwon kan fara da zazzaɓi, kasala, tashin zuciya da ƙin abinci. Sai ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, kashi ya yi fari-fari, ido ya rine. Yawancin manya kan warke: cikin ɗari da suka kamu da B, ƙasa da 5 ne take zame musu ta dindindin. Amma E tana tsananta wa masu juna biyu, kamar yadda aka gani a Diffa ta Nijar a 2017.

Mai ɗauke da ƙanjamau kan ji waɗannan alamun shi ma. Bambancin yana ga abin da ke biyo baya. Idan garkuwarsa ta yi rauni, jikinsa kan kasa korar B ko C, su zauna shiru suna cin hanta da sauri. Wani lokaci ma maganin tarin fuka ne ke rina idon, shi ya sa sai gwajin jini ke raba gardama.

Binciken ƙasa na 2018 ya gano B a jinin kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya. Tenofovir, da ke cikin maganin ƙanjamau, yana danne B, don haka yanke shansa kan tayar da ciwon da ƙarfi.

Jama'a, a je asibiti a yi gwaji kafin a sha jiƙo. A yi wa jariri rigakafin B cikin awa 24 da haihuwarsa, mai shan magani kuma kada ya daina sai da izinin likita.