Ihu da Waƙa a Zauren Majalisa

Sashe na 81 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Shugaban Ƙasa wajibcin gabatar wa Majalisar Tarayya ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa a kowace shekara. A ranar da aka zauna domin wannan, shugaba mai neman izini ne, 'yan majalisa kuma su ne masu riƙe da makullin baitulmalin jama'a. Zama ne na hukuma, ba gangamin jam'iyya ba.

Mai karatu zai tuna ranar 19 ga Disamba, 2018, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya kai kasafin 2019 na naira tiriliyan 8.83. Zaɓe ya ƙarato, Bukola Saraki da Yakubu Dogara, shugabannin zaurukan biyu, sun riga sun fice daga APC zuwa PDP. Duk aikin da shugaban ya ambata sai 'yan adawa su yi masa ihu suna ƙaryata shi, 'yan jam'iyyarsa su mayar da tafi da kirari. Sai da ya dakata ya tunatar da su cewa duniya tana kallonsu. An yi tir da abin, kuma ya cancanci tir. Amma wanda ya yi ihu, duk da rashin ladabinsa, aƙalla bai manta cewa shi da shugaban ɓangarori biyu ne na gwamnati ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na ranar 29 ga Nuwamba, 2023. Shugaba Bola Tinubu ya zo da kasafin naira tiriliyan 27.5, sai aka tarbe shi a zauren da waƙar yaƙin neman zaɓensa, wasu 'yan majalisa suna amshi. Ba a zagi kowa ba, ba a ɗaga hannu ba, shi ya sa mutane da dama suka ɗauke shi nishaɗi. Ni kuwa ina ganin ɓarnarsa ta fi ta ihu zurfi. Alƙalin da ya miƙe yana yi wa mai ƙara guɗa kafin a buɗe shari'a, da wane ido zai duba hujjojinsa? Talakan da ya zaɓi wata jam'iyya, wanda shi ma da harajinsa aka gina zauren, an nuna masa a fili cewa baƙo ne a wurin. Wata guda bayan haka majalisar ta zartar da kasafin, bayan ta ƙara shi ya haura tiriliyan 28.

Muna yawan rikita ladabi da fadanci, wataƙila domin mun tashi muna ganin maroƙa a ƙofar fada. To, ko a fada, maroƙi yana da wurinsa, ba ya zama a kan buzun alƙali. Ladabin da ake nema daga ɗan majalisa ba shi da wuya: ya miƙe idan shugaba ya shigo domin girmama kujerar, ya saurara har a kammala, sannan washegari ya tsefe kasafin layi-layi a kwamiti, ya yi suka da alƙaluma.

Kowane zaure yana da dokokin zamansa, kuma mai riƙe da guduma yana da ikon tsawatarwa. Ya kamata Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai su hana waƙar kamfen da take na jam'iyya a zaman haɗin gwiwa, kamar yadda za su hana ihu, su kuma fara da 'yan jam'iyyarsu, tunda su ne masu rinjaye.